Kwana Taran da Ban Je Rijiya Ba

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan duk lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, ya daina ɗingishi sai in ya ga Inna tana kallonsa. Inna ta yi mura ta warke. Ni ma lafiya.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Wannan ce wasiƙa ta farko da na taɓa rubuta wa mutum na gaske, sauran duk a aji ne, zuwa ga ƙawar da babu ita. Ranar da kika kira wayar Baba ya miƙo min, ba ƙin magana na yi ba, maganar ce ta ƙi fitowa. Shi ya sa na ji daɗi da kika ce mu riƙa rubutu, direban da ke kai kayan lambu garinku ya riƙa kaiwa yana kawowa.

Na fara aikin da kika bar min. Kullum da safe, kafin kowa ya ja ruwa, kafin Baba ya tayar da injin ban ruwa, nakan zura igiyar nan mai ƙulli-ƙulli daga bakin rijiya, in saurara har gwangwanin da ke ƙarshenta ya ce ɓul. Sai in ƙirga ƙulli, ragowar in auna da tef ɗin ɗinkin Inna. Ranar farko mita bakwai da santimita goma. Yau, bayan kwana ashirin, mita bakwai da talatin. Ga takardar nan a ciki.

Abin da ya ruɗa ni, lambar ƙaruwa take yi, amma kin ce in ta ƙaru ruwa ne ya ragu. Sai da na yi kwana biyu ina murna kafin na tuna.

Kuma ban gane abin da kike karantawa ba. Baba yana gaya wa mutane wai ƙanwarsa ta gama lissafin duniya, yanzu ta koma na ƙarƙashin ƙasa. Malamarmu ta tambaye ni, na ce digiri na biyu a lissafi. Ta ce lissafin me? Na sunkuyar da kai. Mu a aji ɗaya na sakandare har an fara sa mana haruffa a cikin lissafi, ni kuwa a sanina haruffa na karatu ne. In ke duk shekarun nan kina lissafi bai ƙare ba, ina ne ƙarshensa?

Hankalin Baba ba a kwance yake ba. Tun da masu gidan kajin bayanmu suka haƙa burtsatse, sau uku yake leƙa rijiya a wuni. Ya ce in ruwa ya kasa, ba zai iya riƙe lemo arba'in ɗin da ya dasa bara tare da mangwarori shida na marigayi Kaka ba, don saiwar mangwaro har gindin rijiya take zuwa sha. Wai dole ɗaya ya bar wa ɗaya. Inna ta ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Ya ce ai ba zai taɓa komai ba sai ya ji abin da lissafinki ya ce.

Ni dai Goggo igiya kawai nake zurawa.

'Yarki,
Shiru-shiru

*

Zuwa ga 'yata Shiru-shiru,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai dai ta zo tana warin albasa, na san inda direba ya cusa ta. Ki gaida Yaya da ƙafa, ki gaida Innarki. Ni lafiya ƙalau, in ban da idanu da suka gaji da kallon kwamfuta. Ɗakina bai kai kicin ɗinku ba, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa.

Ashe haka kika iya magana, muna zaune da ke shekara goma sha uku ba mu sani ba.

Ki gaya wa malamarku lissafi ne da ake fita da shi waje a sa shi aiki. Mu goma sha ɗaya ne a ajinmu. Akwai mai lissafa yawan kifin da za a iya kamawa a tafki ba tare da ya ƙare ba. Akwai mai lissafa itacen da za a iya sara a daji, dajin ya sake tofowa. Ni ruwan ƙarƙashin ƙasa na ɗauka. Ba wanda ya taɓa ganinsa gaba ɗaya, sai dai a leƙa shi ta rijiyoyi, kamar mai leƙen ɗaki ta hudar makulli. In na tara awon rijiyoyi da yawa na kwanaki da yawa, sai in gina wata rijiya ta lissafi a cikin kwamfuta, in yi ta gyara ta har ta riƙa hawa da sauka kamar na gaske. In ta iya kwaikwayon jiya daidai, sai in tambaye ta labarin gobe. Haruffan nan da suka ba ki tsoro, abubuwan da ba mu sani ba ne tukuna. Muna raɗa musu suna ne don mu sami yadda za mu kira su.

Rijiya ashirin da bakwai nake aiki da su. Duk na'ura ce ke auna su, tamu ce kaɗai mutum ke aunawa, ita ce kuma kaɗai na taɓa shan ruwanta. Malamina ya ga takardarki ya ce wa ya rubuta wannan. Na ce 'yata. Ya ce ta fi wasu ɗalibansa tsabtar aiki, ya faɗa yana kallona.

Awonki ya nuna ruwa yana sauka santimita ɗaya a rana. A rani wannan ba abin tsoro ba ne. Bakin bututun injin Yaya yana mita goma, da sauran tafiya mai nisa. Amma kwana ashirin ba sa isa a ce komai, don haka ki ci gaba. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki bari rana ta wuce babu lamba a gabanta. Rijiyar kwamfuta ba ta son giɓi.

Ki ce wa Yaya ya bar mangwarorin Babanmu su sha iska.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata idanunki sun huta. Kowa lafiya. Akuyar Inna ta haifi biyu, ɗaya ya kusa faɗawa rijiya amma Allah ya kiyaye.

Na gaya wa malamarmu abin da kika ce, wato na rubuta mata a takarda na ajiye a teburinta. Ta ce da kyau.

Ga takarda ta biyu, kwana ashirin da biyar. Babu ranar da babu lamba a gabanta. Ta yau mita takwas da santimita uku.

Goggo, in wata lamba ba ta yi kyau ba, kwamfutar tana ganewa da kanta? Tambaya ce kawai.

Direba yana ta danna hon a ƙofa. Sai wani jiƙon.

'Yarki,
Shiru-shiru

*

Zuwa ga Shiru-shiru,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida. Ni lafiya, sai dai a tsaye nake wannan rubutu, mota na jiranmu. Gobe warhaka muna wani daji inda za mu duba na'urorin rijiyoyi, sati huɗu za mu yi, kuma an ce waya ba ta shiga wurin ko an hau bishiya.

Na karɓi takardarki ta biyu, kuma ta hana ni cin abinci. Kwana goma sha biyar na farko lafiya lau, santimita ɗaya a rana, har ya kai bakwai da arba'in da biyar. Daga nan sai ruwan ya zura da gudu, wajen santimita shida a rana, kwana goma a jere. Sauran rijiyoyina babu wadda ta yi haka. Na sa lambobin a kwamfuta, na sake sawa, na yi da hannu ma don ban yarda da ita ba. In ya ci gaba haka, kwana talatin da uku ya rage ruwa ya sauka ƙasa da bututun inji, ga damina da sauran wata huɗu. Ko masu gidan kaji ne suka ƙara jan ruwa, ko akwai abin da ban sani ba. Amma wannan sashen tsakanina da ke ne, kada ki karanta wa Yaya shi, kin san halinsa. Kwana goma ba hujja ba ce. Sai na dawo na ga takarda ta uku.

Kin tambaya ko kwamfuta tana gane lambar da ba ta yi kyau ba. Wani lokaci takan gane, in lambar ta yi tsalle ita kaɗai ta bar 'yan'uwanta. Naki babu mai tsalle, a jere suke tsaf kamar haƙoran mataji, don haka kada ki damu da rubutunki, yana karantuwa.

Ki ci gaba da awo. Ki gaida kowa.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki. Ina fata kun isa dajin lafiya. Mu nan jiki lafiya.

Goggo na yi ɓarna guda biyu, ban san wadda zan fara faɗa ba.

Kin san duk wasiƙarki in ta zo, Baba yakan zauna a gindin mangwaro bayan la'asar ya ce in karanta masa. Ni kuma da yatsa nake karatu, kalma bayan kalma, ba na ganin abin da ke gaba sai na iso shi. Haka na karanta kwana talatin da uku. Haka na karanta "kada ki karanta wa Yaya shi." Sai da ya fita daga bakina na ji shi.

Baba ya ce, "To ai kin riga kin karanta."

Inna ta ce, "Malam, ka ji dai ta ce in ya ci gaba haka."

Ya ce, "Na ji. Na kuma ji ta ce a ɓoye min. Likita ba ya ɓoye wa mai mura cewa mura yake yi."

Ya kira wayarki ya fi sau goma ba ta shiga. Ya je ya leƙa rijiya, ya dawo ya ce lallai da ido ma ya ga ruwan ya yi nisa. Washegari ya je wurin mai zarto. Mutumin yana da aiki a wani wuri, ya ce sai Alhamis ta sama, kwana goma sha huɗu ke nan. Duka shidan za a sare. Baba ya ce itacen da zai bushe a tsaye gara ya faɗi da mutuncinsa, lemon kuma su rayu.

Ta biyun ta fi muni. Bayan ɗan akuyar nan ya kusa faɗawa, Baba ya kira magini ya gyara bakin rijiya, ya kuma yi wa dabbobi wurin shan ruwa a gefe. Ranar farko na je da igiyata da sassafe, sai na tarar har sun zo, shi da mutanensa uku. Ya ce, "A ba likitar rijiya hanya, ta zo duba maras lafiya." Suka yi dariya. Ba mugun abu ya faɗa ba, na sani. Amma ƙafafuna suka juya da kansu. Washegari na leƙo ta katanga na gan su, na koma. Da suka gama kuma suka rufe bakin da katako wai sai siminti ya bushe. Kwana tara ban auna ba.

Ranar da aka buɗe ita ce ranar da direba zai tashi. Na auna na sami takwas da uku. Na duba lambar ƙarshe, bakwai da arba'in da biyar. Ga layi tara babu komai, ga shi kin ce ba a son giɓi, ga malaminki ya yabe ni. Sai na raba tazarar na cike layukan, kowace rana na ba ta rabonta. A tunanina ai ruwan dole ya bi ta wurin kafin ya iso inda na same shi, to ba ƙarya ba ce sosai. Yanzu ban sani ba.

Ga abin da ya fi ruɗa ni. Tun daga ranar ban sake tsallake safiya ba, kuma santimita ɗaya yake sauka kamar da. Yau takwas da goma sha uku. Wato ruwan ya yi gudu lokacin da ba na kallonsa, da na dawo ya koma tafiyar hawainiya. Ruwa yana yin haka? Na nuna wa Inna sababbin lambobin, ta gaya wa Baba. Ya ce ciwo ma yakan lafa kafin ya kayar da mutum.

Maganar kwana taran ban gaya wa kowa ba sai ke. Na san wasiƙar nan za ta zauna a ƙarƙashin ƙofarki har ki dawo. Amma na kasa riƙe ta.

Ki yafe min.

Shiru-shiru

*

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa. Kowa lafiya, sai Inna da ta daina yi wa Baba magana in ba ta kama dole ba. Na san ba ki ga waccan ba balle ki ba ni amsa. Direba ya ce ni ce mutum ta farko da ya gani tana aika wasiƙa biyu a bayan amsa ɗaya.

Jiya ina taya Inna jan ruwa, sai ƙullin igiyar guga ya kama min hannu. Na ce Inna yaushe aka yi wa igiyar nan ƙari? Ta ce, "Tun da maginin nan ya ɗaga bakin rijiya mana. Ya ɗora bulo jeri biyu, guga ta daina kaiwa yadda nake so, ga ciwon kafaɗa ya bar ni da shi."

Na tsaya da guga a hannu har ta ce ko aljanu sun taɓa ni.

Goggo kin ce in riƙa aunawa daga bakin rijiya. Ni kuma daga bakin nake aunawa, ban taɓa saɓawa ba. Amma bakin ne ya tashi. Na ɗauko tef na auna sabon ginin, bulo biyu da simintinsu, santimita arba'in da takwas. Tsakanin bakwai da arba'in da biyar da takwas da uku akwai hamsin da takwas. In aka cire arba'in da takwas saura goma. Goma a kwana goma, ɗaya ke nan a rana.

Na yi shi sau bakwai, har a bayan littafin Inna na ɗinki. Kullum goma yake ba ni. Amma ina tsoro, don ya yi sauƙi da yawa. Ke da kwamfuta da malami da rijiya ashirin da bakwai kun ce kwana talatin da uku, ni da ɗebewa ta aji uku na firamare in ce ba haka ba? Wataƙila akwai harafi a ciki da ban sani ba.

Na gaya wa Inna duka, har kwana taran. Ba ta yi faɗa ba. Ta je ta ce wa Baba rijiya ce ta yi tsawo, ba ruwa ne ya gudu ba. Ya ce, "Ke da guga, ita da kwamfuta, wa zan bi? Kuma takarda ta nuna yana sauka kullum kullum, bulo kuwa rana ɗaya aka ɗora shi." Inna ta dawo ta ce min, "Kin ji inda ya tsaya. A kan layukanki tara ya tsaya. Ke kika rubuta su, ke za ki goge su. Ni in na faɗa, cewa zai yi don son mangwaro na ƙirƙira."

Sau uku na je na tsaya a bayansa. Sau ukun ya juyo ya ce mene ne, na ce ko in kawo masa ruwa. Ya sha ruwa har ya gaji. Sai na rubuta komai a takarda na sa a aljihun rigarsa. Da rana ya lalubo ta, ya kira ni, ya miƙo min ya ce, "Karanta min in ji, ban san wa ya sa min ba." Na ce ta makaranta ce, ta ɓace min.

Yau Litinin. Saura kwana uku.

Shiru-shiru

*

Zuwa ga 'yata,

Na dawo lafiya ɗazu, na tarar da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Ko takalmi ban cire ba na karanta su.

Lissafinki daidai ne. Babu wani harafi a ciki. Goma a kwana goma. Ruwan zai kai damina har ya yi saura.

Laifin layukan nan tara rabinsa nawa ne. Na ce miki ba a son giɓi don kada ki yi kasala, ban yi tunanin yadda za ki ɗauki maganar ba. Gaskiyar ita ce cike giɓi da lissafi yana cikin abin da ake koya mana, amma sai mun san giɓi ne. Da kin bar su fari, da na ga ruwa ya yi tsalle a dare ɗaya, da tambayar farko da zan yi ita ce wa ya taɓa bakin rijiya. Kuma ni da ke karatun nan, ya kamata in tambaya ko da ban ga tsallen ba. Kin ma yi min tambaya a kan lambar da ba ta yi kyau ba, na ɗauka rubutun hannunki kike nufi.

Na kira Yaya. Na ce ina labarin mangwaro? Ya ce, "An gama wannan maganar," ya koma ba ni labarin ƙafarsa. Na ce ya ba ni Innarki, ya ce ta fita. Na ce ya ba ni ke, na ji numfashinki, sannan wayar ta mutu.

Ban gane ba. An gama yaya? Ki rubuto min gaskiya ko ba daɗi. Nawa ne a tsaye?

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Sannu da dawowa, sannu da gajiyar daji. Mu nan lafiya. Inna ta koma yi wa Baba magana. Ranar da kika kira ba ta fita ba, tana tsaye a wurin, Baba ne ya yi mata alama da hannu. Wayar kuma ba mutuwa ta yi ba, ni na danna.

Huɗu ne a tsaye.

Mai zarto ya zo ranar Alhamis da hantsi, da injinsa a kafaɗa. Na riga na auna, takwas da ashirin da bakwai, igiyar tana hannuna ban ajiye ba. Na ce a raina in ya tayar da inji zan yi magana. Ya tayar. Na ce in ya ɗora a jikin itace zan yi. Ya ɗora a kan na bakin ƙofar lambu, wanda 'ya'yansa ba su da zare. Ina tsaye har ya faɗi. Ban san itace yana daɗewa haka kafin ya kai ƙasa ba. Da ya faɗi sai wurin ya yi haske, ana hango katangar gidan kaji. Inna ta shige ɗaki.

Ya koma kan na biyu, na kusa da rumfar inji. Baba yana tsaye ya haɗa hannu a baya, ba ya kallon itacen, ƙasa yake kallo. To magana dai ta ƙi, kuma ko ta fito injin ba zai bari a ji ba. Sai na je na kama hannun rigarsa na ja. Tun ina ƙarama rabona da yin haka. Ina jin mamaki ne ya sa ya biyo ni.

Na kai shi bakin rijiya na ɗora tef a kan bulon. Na nuna masa inda tsohon siminti ya tsaya, sabo ya fara. Ya sunkuyo don ya ji ni. Na ce, "Baba, kwana tara ban zo ba. Ni na ƙirƙiri lambobin."

Ya ce, "Me kika ce?"

Sai da na sake faɗa. Na biyun ya fi wuya, don a daidai lokacin mai zarto ya kashe inji zai ƙara mai, shi ma ya ji.

Baba bai kula tef ɗin ba. Ya ɗora hannunsa ya auna bulon da taƙi, biyu da 'yan yatsu. Ya leƙa rijiyar ya daɗe. Sannan ya ce, "Wato ƙarya kika rubuta wa ƙanwata."

Na ce e.

"Ni kuma kika karanta min amsar ƙaryar."

Na ce e.

Ya juya ya ce wa mai zarto aiki ya tsaya. Mutumin ya ce, "Maigida, wannan na biyun na ci fiye da rabinsa. In na bar shi, iska ce za ta kayar da shi, kuma a kan rumfarka zai kwanta." Baba ya zagaya itacen, ya sa hannu a cikin yankan. Ya ce to a ƙarasa. Mai zarto da zai tafi ya ce min, "'Yan mata, da kin ja rigar nan tun da safe ai da na huta."

Kwana uku Baba bai kira sunana ba. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi min. Rana ta huɗu na fito da igiya na tarar da shi a bakin rijiya da guduma. Ya kafa ƙusa a daidai tsohon bakin, ya ce daga yau daga nan za a riƙa aunawa, ko wa ya ƙara gini. Ya ce, "Ni na kira maginin, ni na biya shi, ni na leƙa na ce ruwa ya yi nisa. Wannan ba a takarda na karanta ba." Iyakar abin da ya ce ke nan a kai.

Ga takarda ta uku. Na sake rubuta ta biyu ma, na cire arba'in da takwas daga duk inda ya kamata, layi taran kuma na bar su babu komai. In malaminki ya janye yabonsa ba komai.

Baba ya san ina rubuta wannan. Ya ce shi ba zai iya faɗa miki a waya ba, in faɗa miki ni. Yana zaune yanzu a kan kututturen na bakin ƙofa, ya hana a tone shi. Ya ce in tambaye ki, a cikin lissafinku, shekara nawa mangwaro yake yi kafin ya kai girman waɗannan. Na ce masa ke ruwa kika ɗauka, mai lissafin itace wani ne daban a ajinku. Ya ce to ki tambayo masa shi.

'Yarki,
Shiru-shiru